Mai tsofaffin littattafai na Sabon Gari da littafin da na samo a wurinsa

Ɗiyata ta biyu tana aji biyu a sashen Turanci na Jami'ar Bayero. Farkon zangon nan ta dawo gida da jerin abin da za su karanta, ta ce, "Abba, an ce mu nemi muƙalun Addison da Steele, ni kuma ba na iya dogon karatu a waya." Gaskiyarta. Rubutun yana nan a intanet kyauta, a can ƙawayenta suke karantawa, amma ita idonta ba ya jure hasken waya, ga kuma yadda muke fama da wuta a Ɗorayi. Na shiga shagunan sababbin littattafai guda uku, babu. Abin da ya cika kantocinsu tambayoyin jarrabawar shekarun baya ne, da littattafan firamare, da na yadda mutum zai yi arziki. Ban ga laifinsu ba, abin da ake saye suke ajiyewa.

Wani abokin aikina, wanda muka shekara 19 muna koyar da Turanci a sakandare ɗaya, shi ya yi min kwatancen wani dattijo mai gwanjon littattafai a gefen kasuwar Sabon Gari. Ban nemi izinin dattijon ba, don haka ba zan faɗi sunansa ba. In ka sauka daga adaidaita sahu a Bata ka bi layin masu kayan rubutu, ka tambayi Baba mai tsofaffin littattafan Turanci, za a nuna maka.

Ranar Asabar da hantsi na je. Shagon ƙarami ne, mutum uku in sun shiga sai ɗaya ya fito. Kantoci na katako tun daga ƙasa har rufi, kwalaye a jibge a bayan ƙofa, benci ɗaya a waje, buta da darduma a lungu. Warin tsohuwar takarda da ƙura shi zai fara tarar ka. Ba rubutu a jikin kanta, ba littafin lissafin kaya, komai a kansa yake. Na yi sallama, na ce, "Baba, sannu da kasuwa." Ya ce, "Yauwa Malam, sannu da zuwa. Me ake nema?" Da na ambaci sunayen bai ce in sake faɗa ba. Tambayata ya yi: "Na su biyun kaɗai kake so, ko wanda aka haɗa su da su Goldsmith?" Nan take na san na zo inda ya dace. Ya kira yaronsa ya ce ya hau tsani ya sauko da kwali na uku daga hagu, mai igiya. Yaro ya sauko da shi, aka kwance, littafi na shida ko na bakwai daga sama shi ne nawa.

Muna jira ya ba ni labarin inda kayansa suke fitowa. Wasu daga gidajen tsofaffin malamai ne, in mutum ya rasu magada su rasa yadda za su yi da kwalayensa. Wasu daga ɗakunan karatun makarantu da aka kwashe. Wasu kuma a dila suke zuwa daga waje, kamar gwanjon Ƙofar Wambai. Ya ce dubu huɗu. Na taya dubu biyu, ya ce albarka. Muka tsaya a naira 3,000, ya ce ya sallama saboda ɗaliba ce za ta karanta. Ba shi da na'urar cirar kuɗi, ya fi son kuɗi a hannu. In ka dage sai tura masa za ka yi, to za ka zauna a bencin nan har saƙo ya shigo wayar yaronsa.

Littafin bugun Ingila ne irin na 'yan makaranta, mai bango kore na ƙyalle, ya koɗe a gefe. Takardar ta yi ja amma ba ta karyewa, rubutun kuma manya ne daidai idon ɗiyata. Akwai tambarin ɗakin karatun wata makaranta a shafin farko, da hannun wani ɗalibi da ya bi layuka da fensir yana rubuta ma'anar kalmomi a gefe, wasu da Hausa. A wani wuri ya rubuta "gulma", a wani "ɗan gaye". Na yi niyyar miƙa mata shi a daren, sai na buɗe in duba, ban miƙa ba sai bayan kwana huɗu.

Rabona da waɗannan muƙalu tun ina ɗalibi, kuma a lokacin don jarrabawa na karanta su. Ga wanda bai san su ba: Richard Steele da Joseph Addison sa'o'in juna ne, duka an haife su a 1672, makaranta ɗaya suka yi suna yara. A watan Afrilun 1709 Steele ya fara fitar da wata takarda a Landan mai suna Tatler, sau uku a mako, falle ɗaya gaba da baya, kwabo ɗaya. Ba da jimawa ba Addison ya shigo. Bayan fitowa 271 suka rufe ta a Janairun 1711, ranar 1 ga Maris suka buɗe Spectator, wadda ke fita kullum ban da Lahadi, har sau 555 zuwa Disambar 1712. A gidajen shan gahawa aka fi karanta su, inda maza ke zama ana labarin duniya da ciniki da siyasa, wato teburin mai shayi na Landan ta wancan zamani. Addison da kansa ya rubuta a fitowa ta 10 cewa ana raba kwafi 3,000 a kullum, kuma ya ƙiyasta kowane kwafi mutum 20 ke karanta shi. Ya ce burinsa ya fito da ilimi daga ɗakunan karatu ya kai shi inda ake hira da shan shayi, ya sa raha a cikin nasiha, ya sa nasiha a cikin raha.

A garin nasu akwai masu wata hanyar. Tun 1691 aka kafa ƙungiyar gyaran ɗabi'u a Landan, masu sa ido suna kai ƙarar mashaya da masu ashar da masu ciniki ran Lahadi gaban alƙali. Steele da Addison ba su da ɗan sanda ba su da kotu, falle ɗaya na takarda kawai. Abin da suka sa a gaba kuwa ƙananan halaye ne da doka ba ta kama su: fariya, gulma, tsegumi, caca, ƙaryar arziki, zafin siyasa, da faɗan takobi da manyan mutane ke yi a kan an ɓata musu suna. Shi Steele ya san wannan faɗan daga ciki, don a 1700 yana soja ya yi wa wani mummunan rauni a irinsa, daga baya ya yi ta rubutu yana kushe al'adar. Mu ma nan Kano damuwar ba baƙuwarmu ba ce. Keken da ya kai ni Bata ma sunansa ya samo ne daga shirin A Daidaita Sahu na gyaran ɗabi'u da aka yi zamanin Malam Ibrahim Shekarau.

Muƙalar da ta fara riƙe ni ta Tatler ce ta 155. Labarin wani mai sana'ar katifu da kujeru ne, maƙwabcin marubucin. Kafin gari ya waye ya tashi neman jarida. Yana da mata da 'ya'ya, amma ya fi sanin abin da ke faruwa a ƙasar Folan a kan abin da ke faruwa a gidansa. A haka shago ya mutu. Bayan shekaru marubucin ya gamu da shi a lambun shaƙatawa cikin tsummokara, kafin a gama gaisawa ya fara tambayar raunin Sarkin Suwidin. Ya ja shi benci inda 'yan'uwansa ke zaune suna raba ƙasashen Turai da baki. Da za a rabu ya matso ya raɗa masa ya ranta masa sule biyu da sisi. Marubucin ya ce zai ba shi sule biyar, a biya shi fam biyar ranar da aka kori Sarkin Turkawa daga birninsa, mutumin ya karɓa.

A majalisarmu ta bayan Isha akwai wani tela, mutumin kirki, abokina tun muna yara. Rediyo ba ta barin kunnensa: BBC da asuba, Jamus da rana, har Faransa duk yana bi. Zai faɗa maka garin da Rasha ta kama a Yukiren jiya da sunan ministan da ya yi murabus a wata ƙasa, alhali ɗinkin mutane na jibge a kan keke, sallah na matsowa. An sha yi masa faɗa, an sha kai ƙararsa wurin yayansa, ba abin da ya haifar sai gaba. Daren Litinin na tafi da littafin, na fassara musu labarin nan a tsaye, ban kalli kowa ba. Ina kaiwa wurin sule biyu da sisi ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam, wallahi da ni kake." Na ce wanda ya rubuta ya rasu tun 1719. Ya ce, "To ai kuwa ya san ni." Ba zan ce muku ya ajiye rediyo ba, bai ajiye ba. Amma bai yi fushi ba, washegari kuma na ji shi da bakinsa yana ba wani labarin, yana cewa shi ne mai katifar. A shekara 30 ban taɓa ganin an taɓo masa wannan hali ya zauna an ci gaba da hira ba sai ranar.

Na yi ta tunanin abin da ya sa, sai na same shi a fitowa ta 34 ta Spectator. Marubutan sun ƙirƙiro wata majalisa ta mutum kaɗan: Sir Roger de Coverley, tsohon mai gonaki daga karkara wanda ya tsufa ba aure tun da wata bazawara ta juya masa baya, Sir Andrew Freeport, attajirin birni, Captain Sentry, tsohon soja, Will Honeycomb, ɗan gaye da ya ƙi yarda ya tsufa, da ɗalibin lauya, da limamin coci. A wannan fitowa kowa ya yaba wa marubucin, sannan kowa ya roƙi a ƙyale nasa. Ɗan gaye ya ce a bar mata, attajiri ya ce a bar 'yan kasuwa, soja ya ce a bar soja, Sir Roger ya ce a yi hattara da masu gonaki. Marubucin ya ce ya zama kamar mai mata biyu, ɗaya ba ta son furfurarsa ɗaya ba ta son baƙin gashinsa, kowace na tsige wanda ta ƙi har kai ya koma tal-kwabo. Limamin ne ya raba gardama, ya ce ba matsayin da ya fi ƙarfin a faɗa masa gaskiya. Daga nan marubucin ya ɗauki alkawari: ba zai zana mai wani mugun hali ba sai halin ya dace da aƙalla mutum dubu, kuma ba zai fitar da takarda ko ɗaya da ƙiyayya ba. A fitowa ta 23 ma ya kamanta rubutun ɓatanci da ake yi a ɓoye da kibiya mai dafi da ake harbawa cikin duhu.

Wannan alkawari na mutum dubu shi ne ya biya ni kuɗina. Mu Hausawa mun rarrabe waɗannan abubuwa da kyau. Zambo na maroƙi ne, mutum ɗaya ake nufi, a siffanta shi a muzanta shi. Habaici ba a kama suna, amma duk wanda ke tsakar gidan ya san da wa ake, shi ya sa yake ƙarewa da dambe. Abin da mutanen nan suka yi ya fi kusa da tashe. Azumi ya yi goma yara su fito da gemun auduga da ƙaton rawani, ko su yi Mairama da Daudu a ƙofar gida. In ka cire tashen gwauro, wanda ake bin mutum har gidansa, sauran hali ake nunawa ba mutum ba. Maigida ya ga kansa a ciki, ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu ya ba da sadaka, ya shiga gida da abin a ransa ba tare da an kunyata shi ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda wani abu da ya faru a layinmu bara. An yi walimar aure, wani dattijo mai iyali da yawa ya zuba ragowar shinkafa da nama a leda ya sa a aljihun babbar riga. Wani yaro ya ɗauke shi a waya, ya sa kiɗa, ya watsa. Kafin Magariba ya zaga unguwa, kafin kwana biyu ya bar ta. Da aka tsare yaron cewa ya yi gyara yake yi, ai kwaɗayi a wurin biki ya yi yawa. Ko da maganarsa gaskiya ce, ba wanda ya daina zuba abinci a leda saboda bidiyon nan. Abin da ya faru shi ne dattijon ya yi kusan wata biyu ba ya sallah a masallacinmu, yana zagayawa wani can nesa, 'ya'yansa mata suka daina zuwa islamiyya. Ni na ga fuskarsa ranar da ya dawo, ya tsaya a sahun ƙarshe yana sallamewa ya fita. Irin wannan ake yi kullum a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, haka sojojin baka ke yi da daddare, kuma kowa na kiran nasa gyara kayanka.

Ku duba yadda Addison ya yi da Sir Roger a coci, a fitowa ta 112. Tsohon shi ne mai ƙasar da duk 'yan ƙauyen ke nomawa. Ya saya wa kowa abin durƙuso da littafin addu'a, ya ɗauko mai koya musu waƙar ibada. Ba ya barin kowa ya yi gyangyaɗi sai shi; in barci ya sace shi ya farka, sai ya miƙe ya duba, duk wanda ya gani yana gyangyaɗi ya sa a tashe shi. Wani lokaci kowa na durƙushe shi yana tsaye yana ƙirga wanda bai zo ba. In an tashi, yana fita yana tambayar lafiyar baban wane da matar wane da bai gani ba, kowa kuma ya san jan kunne ne. Wane ne a Kano bai san wannan dattijo ba? Kowane masallacin unguwa yana da nasa, mai tare ka bayan Asuba ya ce, "Jiya lafiya kuwa?" Marubucin ya nuna ikonsa da son girmansa ba ɓoye-ɓoye, amma ka gama karantawa kana ƙaunar tsohon. Haka fitowa ta 81, inda matan Landan ke manna ɗigon baƙin ƙyalle a goshi don kwalliya, 'yan jam'iyya ɗaya a dama, 'yan ɗaya a hagu, har wata mai tawadar Allah a ɓangaren abokan hamayya ake ta ɗaukarta ba tasu ba. A garin da launin hularka ke sa a yanke maka ɓangare kafin ka buɗe baki, ba sai na yi bayani ba.

Muƙalun Oliver Goldsmith kaɗan ne a cikin littafin, daga wasiƙun da ya sa a bakin wani matafiyi ɗan ƙasar Sin da ke kallon Landan da idon baƙo, waɗanda aka tara a littafi a 1762. Akwai mai baƙaƙen kaya da ke zagin mabarata da baki yana zura musu kuɗi a ɓoye, akwai Beau Tibbs mai ambaton manyan gari kamar abokan wasansa alhali a ɗaki na can ƙololuwar bene yake, matarsa na wanke masa rigunansa biyu. Na Samuel Johnson sun fi nauyi, wa'azi ne sosai, ban ba su lokaci ba tukuna.

Yanzu aibin shagon, don ba zan tura mutane ba tare da na faɗa ba. Dare na uku na zo kan muƙalar rasuwar Sir Roger, sai na ga daga shafi na 112 an tsallaka 129. Ƙulli guda na shafi 16 ya fita gaba ɗaya, ga zaren nan a tsinke. Na juya baya inda bayanan ƙarshe suke, sai na tarar gara ta ci kusurwar ƙasa ta shafuka da yawa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin yawancin muƙalun da baitin Latin ko Girkanci suke farawa, fassararsu kuma a can baya take, tare da bayanin sunaye da al'adun da ɗalibi a Kano ba zai sani ba. Raina ya ɓaci. Mutumin da ya san kwalin da littafi yake daga zaune, ya kamata ya san lafiyar abin da yake sayarwa. Da na koma na kuma lura da abin da ban kula ba da farko: kwalayen ƙasa a kan siminti suke kai tsaye ba katako a ƙarƙashi, jikin bango da alamar danshin damina. A haka gara za ta ci gaba da cin dukiyarsa da ta masu saye. Ga shi ba farashi a jikin komai, sai yadda ciniki ya kaya, wanda bai iya tayi ba zai biya fiye da ni.

Amma yadda ya karɓe ni ya wanke rabin ɓacin ran. A kasuwa an saba jin kaya ya fita ya fita. Shi ya karɓi littafin, ya sa tabarau, ya ƙirga shafukan da kansa, ya ce, "Malam, hakkinka ne, laifina ne ban duba ba." Ba shi da wani kwafin. Ya ce in zaɓa, ko ya mayar min da kuɗina duka, ko in riƙe ya rage min 500. Na riƙe. Ya haɗa ni da yaronsa zuwa wurin wani mai ɗinkin littafi a bayan layin. Na je shagon kwamfuta aka fitar min da muƙalun da suka ɓace daga intanet, aka rage girmansu, mai ɗinki ya yanke su daidai, ya sa su a gurbinsu da zare da gam, ya ƙarfafa bayan da sabon ƙyalle. Naira 700 ya karɓa, aikin kuma ya yi kyau, sai dai sababbin shafukan fari tas ne a tsakiyar jajaye. Abin da gara ta ci a baya kam ya tafi.

Shi ma littafin ba a rasa abin cewa a kansa ba, kuma ɗiyata ce ta fara faɗa. Bayan mako guda ta ce, "Abba, duk inda suka zo kan mata, mafici da siket da kwalliya kawai suke gani." Na duba na ga tana da hujja. Akwai muƙalar makarantar koya wa mata sarrafa mafici kamar sojoji da bindiga, akwai ta faffaɗan siket, akwai wadda aka fede zuciyar mace mai yaudarar samari. Suna son mata su karanta su, sun faɗa, amma Addison yakan yi musu magana kamar yara. Steele ya fi shi ganin girmansu. Ni kuma abin da ya tsaya min shi ne fitowa ta 69, inda Addison ya shiga babbar kasuwar Landan yana murna da yadda ciniki ya haɗa duniya, ganyen shayi daga Sin, sukari daga wata nahiya, bai ce uffan ba a kan wanda ke noman raken. Bayi ne daga wannan nahiya tamu, kuma a 1713 Ingila ta karɓi kwangilar kai bayi yankunan Sifaniya a Amurka. Steele ya ba da labarin wani ɗan kasuwar Ingila da ya kai matar da ta ceci ransa Barbados ya sayar da ita, a fitowa ta 11, ya nuna muninsa ƙarara. Amma gaba ɗaya gyaran nasu a kan zaman falo da teburin shayi ya tsaya, bai kai ga inda kuɗin shayin ke fitowa ba. Wanda zai karanta ya shiga da sanin haka. Turancin kuma na shekara 300 ne, jimla ɗaya takan ci layi shida; ɗan sakandare zai buƙaci ƙamus da malami a kusa.

Duk da haka zan koma shagon, kuma na riga na tura mutum biyu. In za ka je, je da safe kafin rana ta buɗe da cunkoson Bata, ka riƙe kuɗi a hannu da hankici saboda ƙura. Ka zauna a bencin ka bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ka duba kusurwoyin ƙasa da bayan bango, kafin ka taya. Ba zai hana ka ba, ba kuma zai gaggauta ka ba. Lokacin Azahar yakan ja ƙofa ya tafi masallaci, yaron kuma bai san kayan kamar shi ba, gara ka jira. In mace ce, wurin ba shi da sirri ko inuwar kirki, ɗiyata da muka koma tare a tsaye ta gama dubawa.

Ranar na yi masa maganar katako a ƙarƙashin kwalaye, ya ce zai sa a kawo. Na kuma ce in ya samu cikakken na Goldsmith ko muƙalun Charles Lamb ya ajiye min. Ya ce akwai kwalaye huɗu na wani tsohon malamin kwaleji da magada suka ce ya zo ya duba bayan sallah. Ya ciro biro daga aljihun gaba ya rubuta lambata a jikin kwalin nan mai igiya, a ƙasa ya sa "Malam mai 'ya a jami'a". Littafin yana hannunta har ta gama jarrabawa, daga nan zai dawo majalisa, don telan ya ce sai na sake karanta musu na mai mata biyu ranar da yayansa yake nan.